Wace ce Judy Heumann?

Malam, ka tambaya wace ce Judy Heumann, da dalilin da ya sa nakasassu a Amurka ke ganin girmanta. An haife ta a 1947, shan inna ta kama ta tana 'yar wata 18. Makaranta a Brooklyn ta ƙi karɓarta, wai keken guragun da take hawa haɗari ne in gobara ta tashi. Da aka hana ta lasisin koyarwa, ta maka hukumar ilimin New York a kotu a 1970, ta kuwa samu.

A ganina, babban aikinta zaman dirshan na 1977 ne. Sashe na 504 na wata dokar 1973 ya hana cibiyoyi masu karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa nakasassu wariya, amma gwamnati ta yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Heumann da mutum sama da 100 suka tare a ofishin gwamnati a San Francisco fiye da mako uku, suna kwana a ƙasa, 'yan Black Panther, ƙungiyar fafutukar haƙƙin baƙar fata, na kai musu abinci. Ranar 28 ga Afrilu gwamnati ta sa hannu a kan ƙa'idojin aiwatar da sashen.

Daga baya ta yi aiki a gwamnatocin Clinton da Obama. Ta rasu a 2023.