Zauren Amsa: Gadar Sama, Doguwar Bas ko Jirgin Ƙasa?

Wasiƙun wannan makon kusan duk sun karkata ne kan wahalar zirga-zirga a manyan birane. Mun zaɓi huɗu, mun gajarta su saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. A Kano an yi mana gadoji a Ƙofar Nassarawa, Dangi, Hotoro da Sabon Gari, amma har gobe in ka taso daga Kantin Kwari ko Singa da yamma, a hanya magariba za ta riske ka. Ina jin Legas ta yi jirgin ƙasa na cikin gari, Alƙahira kuma ta daɗe da nata. Shin jirgin ne maganin abin? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gadar sama mahaɗa ɗaya take warwarewa. Motocin da a da suke tsayawa a shataletale yanzu suna wucewa a guje, sai su je su taru a mahaɗa ta gaba wadda ba a taɓa ba. Bugu da ƙari, da hanya ta yi sauƙi, wanda a da yake barin motarsa a gida sai ya fito da ita. Shi ya sa bayan 'yan shekaru cunkoson yake dawowa, wuri kawai ya sauya.

Abin da masu tsara birane suke ƙirgawa shi ne mutum nawa layi ɗaya na titi yake wucewa da su a awa guda, ba mota nawa ba. Ɗauki fasinja 60. Doguwar bas mai tsawon mita 12 za ta kwashe su tashi ɗaya. In a Adaidaita Sahu ne mai ɗaukar mutum uku, sai an sa guda 20, kowanne da tsawonsa na kusan mita uku, da tazarar da ke gabansa, kuma kowanne yana cin birki a inda aka ɗaga masa hannu. Tun da aka shigo da Adaidaita a 2005, sannan aka hana acaba a 2013, nauyin jigilar mutanen Kano kusan duka ya koma kansa. Abin hawa ne mai kyau a lungu da gajeren zango, amma ba a yi shi don ya ɗauki babbar hanya irin titin Zariya ko na Katsina ba.

Jirgin ƙasa kuwa, gaskiya ne babu abin da ya kai shi kwasar jama'a. Alƙahira ta buɗe layinta na farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1987, ita ce ta fara irinsa a Afirka. Legas ta fara ɗaukar fasinja a layin shuɗi daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, a Satumbar 2023, sai jan layi daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024, wanda ya ratsa ta Agege, inda 'yan'uwanmu suke da yawa. Amma a duba tsawon lokacin: aikin layin shuɗi ya haura shekara goma kafin a hau. Kuma gina shi rabin aiki ne. Addis Ababa ta buɗe nata a 2015, ba a jima ba jirage da dama suka kwanta saboda rashin kayan gyara, waɗanda sai da kuɗin waje ake sayowa. In jirgin da ya kamata ya zo duk minti shida ya koma zuwa duk minti ashirin, fasinja komawa ƙananan motoci yake yi.

A ganinmu abin da ya fi dacewa da Kano a yanzu shi ne abin da Legas ta fara da shi a Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, wato bas mai layinta na kanta, wadda ake kira BRT. Dabarar daga Kuritiba ta Burazil ta samo asali a 1974, Bogota ta Kolombiya ta faɗaɗa ta a 2000, Darussalam ta Tanzaniya ta bi sahu a 2016, Dakar kuma ta kawo mai lantarki a 2024. Kuɗinta bai kama ƙafar na jirgin ƙarƙashin ƙasa ba. Sai dai tana da sharuɗɗa, in an tsallake ɗaya ta zama bas kamar kowace bas. Dole a raba layin da kankare, domin fenti ba ya hana kowa shiga. An fi son layin a tsakiyar titi, saboda gefe na masu fakin ne da masu sauke kaya da masu kasa tumatir. Fasinja ya biya kuɗi a tasha kafin bas ta iso, kuma daɓen tashar ya yi daidai da ƙofar bas yadda tsohuwa za ta shiga ba tare da hawa matakala ba. Wannan kaɗai yana mayar da tsayuwar minti biyu ta koma daƙiƙa ashirin ko talatin.

Sai yawan motocin, wanda lissafinsa ba shi da wuya. In zuwa da dawowa yana cin minti 90, kana son bas ta riƙa zuwa duk minti biyar, kana buƙatar guda 18 a kan hanya, da aƙalla biyu a gareji don ranar lalacewa. Gwamnatoci da yawa a nan suke faɗuwa: a sayo motoci, a yi bikin ƙaddamarwa, ba a ware kuɗin taya da birki da makanikai ba.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa ba, wato yadda ake biyan direba. Wanda zai kai wa mai mota balas kullum dole ya tsaya lodi sai ta cika, dole ya yi tsere da ɗan'uwansa a kan fasinja. A tsarin Bogota kamfanin bas gwargwadon kilomitar da ya yi ake biyansa, direba kuma albashi yake karɓa, don haka ba shi da dalilin tsayawa a tsakiyar titi. 'Yan Adaidaita ba korarsu za a yi ba. Aikinsu ya koma kwaso mutane daga unguwa zuwa tasha. In ba a zauna da ƙungiyoyinsu tun farko ba, yajin aiki ne zai tarbi aikin.

Tambaya: An ba ni zaɓi tsakanin ofishinmu na Abuja da na Legas. Kowa yana ce mini Abuja ta fi kwanciyar hankali. Ba ni da mota, albashina matsakaici ne. Daga wata ma'aikaciya, Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, Abuja ta fi sauƙi ga mai mota da mai gida a cikin gari. Wanda ba shi da ko ɗaya, lissafinsa daban ne. An shimfiɗa birnin da manyan tituna da unguwanni masu nisa da juna, hayar Wuse ko Garki kuma ta fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Shi ya sa jama'a suke kwana a Kubwa, Lugbe, Nyanya, ko Mararaba da ke jihar Nasarawa, su yi sammako su shigo ta hanyoyi ƙalilan. Jirgin cikin garin an buɗe shi a 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, ya dawo a Mayun 2024. Ya dace da mai zuwa filin jirgin sama ko tashar Idu, amma tashoshinsa da dama sun yi nesa da gidajen mutane. Yawancin fasinja ba sa son tafiyar ƙafa da ta wuce mita 500 zuwa tashar bas, ko 800 zuwa ta jirgi. In sai kin hau wani abin kafin ki isa tashar, ki sake hawa wani bayan kin sauka, kuɗin mota ya zama uku.

Legas ta fi hayaniya da gajiyarwa, babu musu, amma ta fi yawan zaɓi: ƙananan bas na haya da ake kira danfo, BRT, jirgin ƙasa, har da na ruwa daga Ikorodu, kuma katin biyan kuɗi ɗaya mai suna Cowry yana yi miki a motocin gwamnati da jiragen. Sharaɗin shi ne kada ki sa gada tsakanin gidanki da ofis in da hali. Mai kwana a Agege yana aiki a Ikeja, rayuwarsa daban da ta mai tsallaka Gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 safe da yamma.

Kafin ki biya haya a ko'ina, ki haɗa kuɗin haya da na mota wuri ɗaya. A ce gidan nesa ya fi araha da naira 400,000 a shekara, amma zai ƙara miki naira 2,000 a kuɗin mota kullum. Kwana 22 a wata, wata 12, ya kama 528,000. Arahar ta tafi, ga awa biyu ko uku na kullum a kan titi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan lissafin ya juye wa mutane da yawa. Ki gwada hanyar da kanki ranar Litinin da ƙarfe shida da rabi na safe, kada ki dogara da abin da dillali ya nuna miki ranar Asabar. A Abuja kuma ki riƙa hawa mota a tasha, saboda ɓarayin da ke shigar burtu da motar haya sun fi ɗaukar wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin titi.

Tambaya: Ina karatu a Landan. Sai in yi minti ashirin ba bas, sannan uku su zo a jere masu lamba ɗaya. Sakacin direbobi ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: A'a, Malam, ɗabi'ar bas ce a duk duniya. A ce suna tashi duk minti takwas. Ta farko ta makara da minti biyu a danja. Da ta iso tasha sai ta tarar da fasinjan minti goma, ta daɗe tana ɗauka, ta ƙara makara. Ta bayanta kuwa fasinjan minti shida kawai ta samu, sai ta yi sauri. A hankali ta kamo ta gaba. Maganin shi ne a rage daɗewa a tasha, wanda yana cikin dalilan da suka sa Landan ta daina karɓar tsabar kuɗi a bas tun 2014, sannan a riƙa tsayar da ta baya da gangan. In ka ji direba ya ce zai ɗan dakata don daidaita tazara, aikin kenan yake yi. Idan biyu suka zo tare, shiga ta bayan, ta fi wurin zama.

Tambaya: Bara na sauke farali. Me ya sa aka tsare mu a tanti sai lokacin da aka rubuta mana kafin mu je jirgin Mina, alhali jiragen suna ta wucewa? Daga wata Hajiya, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Wannan layin an buɗe shi a 2010, tsawonsa kusan kilomita 18, tashoshi tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Kowane jirgi yana ɗaukar kimanin mutum 3,000, an kuma tsara layin ya kwashe 72,000 a awa, wato jirgi duk minti biyu da rabi. A irin wannan taron haɗarin a daɓen tasha yake da matakala. In mutum dubu goma suka iso wurin da aka yi wa dubu uku, turereniya za ta hana ƙofofi rufewa, jirgi ɗaya ya makale, duk na bayansa su tsaya. Shi ya sa ake sakin alhazai rukuni-rukuni daga tanti, kowane rukuni daidai cikin jirgi, a ajiye su a wurin jira na ƙasa, sai daɓen ya zama fili sannan a buɗe musu su hau.