Shin maganin homon bayan ɗaukewar al'ada yana jawo sankarar mama?

Hajiya, kin ce shekarunki 52, al'ada ta ɗauke, zafin jiki da gumin dare sun hana ki barci, likita ya ba ki shawarar maganin homon (wanda ke maye gurbin sinadaran jikin mace da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada) amma kina tsoron sankara.

Tsoron nan ya samo asali ne daga wani babban bincike a Amurka da aka dakatar da sashensa a 2002, bayan an ga ƙaruwar sankarar mama da daskarewar jini. Sai dai matsakaicin shekarun matan da aka yi binciken a kansu 63 ne. Ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfanin yakan rinjayi haɗarin: zafin yana lafawa sosai, ƙashi kuma ba ya saurin rauni. Haɗarin sankarar yana nan, amma kaɗan ne, yana ƙaruwa da daɗewar shan maganin.

In mahaifarki na nan, dole a haɗa nau'o'in homon biyu, istrojin da furojestaron, don istrojin kaɗai kan jawo sankarar mahaifa. Maganin da ake mannawa a fata ya fi ƙwaya ƙarancin haɗarin daskarewar jini.

In kin taɓa sankarar mama, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon hanta, gaya wa likitan tun farko. Kada ki saya a kemis da kanki.