Kuɗin tikiti ba naka ba ne sai an tashi taro

Wani ɗan kasuwa ya turo min tambaya, ya ce shi da abokinsa sun kama fili za su kawo wani mawaƙi da ake yayinsa, tun ba su fara sayar da tikiti ba wayarsa ta ƙi hutawa. Yana so ya san ko ya ƙara yawan tikitin tunda ga masu so, kuma ko zai iya ɗan juya kuɗin tikitin da za su shigo a shagonsa kafin ranar.

Ɗan uwa, bari in fara da ta biyun don wallahi ita ta fi tayar min da hankali. Kuɗin nan da za ka ga alat ɗinsu na ta shigowa bashi ne a wuyanka, ka karɓi kuɗin mutane ne kan abin da ba ka ba su ba tukuna. Ruwa na iya ɓarkewa, mawaƙin na iya kwanciya rashin lafiya, hukuma na iya janye izini ana saura kwana biyu, kuma ranar da haka ta faru kowa kuɗinsa zai nema a lokaci guda, to in ka riga ka mai da su kaya a sito da me za ka sallami jama'a? Ka buɗe musu asusu daban, kar ka taɓa sai don hidimar taron kanta, irin su kafin alƙalamin mawaƙi da kuɗin fili da na masu kayan sauti. Kuma a rubuta a yarjejeniya wa zai dawo da me idan an fasa, kar ka yarda da maganar baki ko da kun saba.

Maganar ƙara tikiti kuwa, a'a. Ƙofofi ne ke faɗa maka adadi, ba masu kiran waya ba. Ka je filin da ƙafarka, ka cire wurin dandamali da hanyar motar asibiti, ka cire ma'aikata da tikitin kyauta, wanda kullum sai ya fi yadda aka zata, abin da ya rage shi za ka sayar. A watan Nuwamba 2021 mutum 10 suka rasu a turmutsutsun bikin waƙa na Astroworld a Houston ta Amurka, mutane ne da suka fito kallo kawai. Babu ribar da ta kai wannan.

Sai ranar buɗe ciniki. A 2022 mutum miliyan 3.5 suka yi rajistar sayen tikitin mawaƙiyar Amurka Taylor Swift a Ticketmaster, shafin sayar da tikiti, shafin ya riƙa tsayawa, har aka soke sayarwar da aka shirya wa sauran jama'a. In babban kamfani ya sha haka, kai kar ka saki duka lokaci ɗaya. Ka sa a yi rajista tukuna, ka fitar kashi-kashi, ka ƙayyade ko huɗu ga mutum ɗaya don kar 'yan bayan fage su kwashe su ninka wa mutane. Farashi kuma ka faɗe shi tun farko ka tsaya a kai. A 2024 masu sayen tikitin ƙungiyar mawaƙa ta Oasis a Birtaniya sun shafe awanni a layin intanet, suna isowa suka tarar na kusan fam 150 ya haura 350, fushin da aka yi sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta shiga bincike.

Abin da na fi so ka zuba wa ido shi ne bakin ƙofa. Mutum ɗaya zai ɗauki hoton tikitinsa ya sayar wa mutum biyar, na farko ya wuce, huɗun su tsaya suna rantsuwa sun biya, bayansu kuma layi na ta matsowa. Don haka kowane tikiti ya zama da lambarsa da ke mutuwa da zarar na'ura ta karanta, ka ware tebur can gefe na masu matsala don kar su toshe hanya. Ka gwada na'urorin ba tare da data ba, domin da zarar dubban wayoyi sun taru wuri guda netwok ɗaukewa yake, kuma ka buɗe ƙofa da wuri, ko awa uku kafin a fara.