Amsoshin tambayoyinku: kamarar tsaro, IP da ƙofar da kuke bari a buɗe

Jama'a barkanku da warhaka, wannan satin saƙonnin kamara ne suka fi yawa, to bismillah.

Wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya ce an haɗa masa NVR na kamfanin Hikvision, wato na'urar da ke naɗar hotunan kamarori, amma duk sanda aka ɗauke wuta aka kawo sai ya daina ganin kamara a kwamfuta. Alhaji ba lalacewa tai ba, adireshinta ne ke canzawa saboda rauta ce ke raba IP, wato lambar adireshin kowace na'ura, da kanta, yau ta ba na'urarka wannan lamba gobe ta ba wayar yaron shago. Shiga saitin netwok na NVR ɗin ka cire DHCP, wato tsarin da rauta ke ba ta lamba da kanta, ka sa lamba ɗaya da ba ta motsi. In rautarka 192.168.1.1 ce, sa misali 192.168.1.200, subnet 255.255.255.0, gateway kuma lambar rautar, sai dai ka tabbata ba ta cikin layin lambobin da rautar ke rabawa. In irin ta Huawei ce mai 192.168.8.1 dole taka ma ta fara da 192.168.8, in ba haka ba ba za su ga juna ba. Manhajar SADP ta Hikvision za ta nemo maka NVR ɗin, kyauta ce, kar wani ya karɓi kuɗinka a kanta.

Wani kuma wai wane port, wato ƙofar da saƙo ke bi a netwok, zai sa ya samu data kyauta. Haba malam. Babu. Na gaba.

Ɗan'uwa daga Kaduna ya ce ya buɗe port 80 da 8000 da 554 a rauta mai SIM amma in ya fita gida ba ya ganin kamararsa. Layukan waya galibi mutane da yawa suke haɗawa a bayan IP ɗaya, CGNAT kenan, ko ka kwana kana buɗe port saƙon ba zai iso ƙofarka ba. Yi amfani da manhajar Hik-Connect ta Hikvision, masu kamarar Dahua kuma DMSS. Kuma wallahi Allah ne ya rufa maka asiri da bai yi ba, dan a nan ne raina ke ɓaci. Mutum ya kashe dubbai ya sai kamara dan tsoron ɓarawo, sannan ya buɗe ta ga duniya da password ɗin da ta zo da shi, admin da 12345, ko lambar wayarsa. A 2016 wata muguwar manhaja Mirai ta kama kamarori da DVR, na'urar naɗar hoto irin NVR, masu irin wannan password aka haɗa su aka kai wa kamfanin Dyn hari a Amurka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa wa mutane da yawa, masu kamarorin ba su ma san da su aka yi ba. Masu cewa ai na mai da port 80 ya koma 8080 na ɓoye, ba ku ɓoye komai ba, akwai kwamfutocin da aikinsu kenan dare da rana laluben ƙofofi. Sai kuma ɗan karen son araha, a ɗauko jabu mai tambarin babban kamfani, kwali fes ciki ba a san me aka zuba ba, ba ta karɓar sabunta firmware, wato manhajar da ke cikinta, alhali ta gaske ma a 2021 sai da Hikvision suka fitar da gyara saboda wata ɓaraka babba. Kafin ka biya, a kunna a gabanka a gwada sirial lamba a manhajar kamfanin, in mai shago ya fara kame-kame ɗau kuɗinka ka fita. Kuma ku kashe saitin UPnP a rauta, shi ke buɗe ƙofa ba da saninku ba.

Hajiya daga Zariya, na karanta saƙonki sau biyu, kin ce tunda aka sa kamara a falo ba kya sakewa, kina tsoron wanda ya haɗa yana kallo. Hajiyata kin yi gaskiya, ba waswasi ba ne. Ki sa wani naki ya zauna kusa da ke ku canza password ke ki rubuta da hannunki, ku duba asusun da aka ɗaure na'urar a kai, in na mai haɗawa ne a cire a sa lambarki, a goge duk wani mai amfani da ba ku sani ba. Ta falon kuma a mai da ita bakin get, can ta fi amfani.