Me ɗana zai gani a yankin Arar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu aikin jinya a Arar, can arewacin Saudiyya kusa da iyakar Iraƙi. Kullum kukansa wurin ba komai sai rairayi da sanyi. Ni kuwa na san ƙasa ba ta rasa tarihi. Akwai abin da zai je ya gani?
Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa wa aikin nasa albarka. Batun sanyi gaskiyarsa ne, don a Turaif, wajen iyakar Jodan, har ƙanƙara takan sauka. Amma zancen ba komai, ban yarda ba.

Arar sabon gari ne. Shi da Rafha da Turaif duk sun girma ne a gefen tashoshin bututun mai na Tapline, wanda aka gama a 1950 don kai mai daga gabashin Saudiyya zuwa Saida a Labanan. Shi ya sa bai ga tsohon gini ba.

Ki ce masa ya nufi Rafha, kusan kilomita 300 daga Arar. Ta nan tsohuwar hanyar alhazan Iraƙi ta ratsa, wadda ake kira Darb Zubaida, daga Kufa har Makka, kimanin kilomita 1,400. Halifofin Abbasiyawa na farko ne suka soma gyara ta, amma sunan Zubaida 'yar Ja'afar, matar Haruna Rashid, shi ya bi hanyar, saboda dukiyar da ta zuba wajen samar wa alhazai ruwa. Ta rasu a 831.

Ki duba lamarin, Hajiya. Ayari ne na dubban mutane da raƙuma, tafiyar makonni a ƙasar da babu kogi ko ɗaya. Sai aka bi zango-zango ana haƙa rijiyoyi, ana gina tafkunan dutse, birka a bakin Larabawa, daidai inda ruwan sama ke gangarowa. Wasu an yi musu ƙaramin rami a gaba domin laka ta kwanta kafin ruwa ya shiga, aka kuma sa matakala yadda ko ruwan ya ja ƙasa mai ɗiba zai sauka ya same shi. Wannan aikin ne ya fi taɓa min zuciya a duk tarihin yankin, don an yi shi ne saboda mai ƙishin da ba a san ko wane ne ba.

Uku nake so ya gani. Birkar Jumaima tana dab da Rafha, matakalarta na nan. Zubala, kudu da garin kaɗan, babban zango ne a da, akwai kufan ganuwa da tafkuna da rijiyoyi. Sai Lina, kamar kilomita 100 kudu da Rafha, mai rijiyoyin da aka sassaƙa cikin dutse. Mutanen wurin kan ce aljanun Annabi Sulaimanu ne suka haƙa su. Wannan labarin baka ne. Akwai kuma fadar laka ta zamanin Sarki Abdul'aziz.

Hanyar ta fara mutuwa ne da hare-haren Ƙaramiɗa, wata ƙungiyar 'yan tawaye ga Abbasiyawa, kan ayarin alhazai a ƙarni na 10, faɗuwar Bagadaza a 1258 ta ƙara durƙusar da ita. Duk da haka Ibn Batuta ya bi ta a 1326 bayan aikin hajjinsa.

Ya bari sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu. In zai bar kwalta, ya nemi motar da ke iya rairayi da ɗan gari wanda ya san hanya, ya kuma ɗauki ruwa isasshe.