Amsa ga Hajiya kan doguwar safar yaran Turawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da yamma. Ku yi mini afuwa, muryar nan za ta ɗan yi tsawo. Wadda ke kan keke ta ajiye wayar a gefe, ta ci gaba da ɗinkinta tana ji.

Hajiya, kan hoton nan da kika turo ne, tsohon hoto marar kala na 'yan makaranta a Turai, maza da gajeren wando, mata da riga iya gwiwa, kowa da baƙar safa har ta shige cikin kaya. Kika ce me ke riƙe ta, tunda ko ta yanzu mai roba a baki, kafin a fita tara ta taru a idon sawu. Wallahi tambayar ta yi mini daɗi, domin magana ce ta masu ɗinki tsantsa.

To, ki fara duba safar ita kanta. Saƙar ulu ce ko auduga zalla, babu zaren roba ko ɗaya a jikinta. An wanke ta sau biyu uku, ta saki. Ita kuma ƙafa sama kauri, ƙasa siranta, duk abin da aka zura mata ƙasa yake son yi. Shekaru aru-aru maganin da aka fi sani shi ne ɗauri. A sami siririn kyalle ko igiyar saƙa, a zagaya ƙasan gwiwa sau biyu a ƙulle, kamar dai zariyar wando. A ƙasan gwiwa ɗaurin yana zama, don tudun sha-raɓa na tare shi. Kuma a lokacin hakan ya isa, tunda ƙananan yara dogayen riguna suke sawa, mazansu da matansu, ba mai ganin inda safa ta tsaya.

Matsala ta taso ne bayan 1850 zuwa gaba, da aka yawaita yi wa yara maza wando iya gwiwa, rigunan 'yan mata ma suka ɗage. Su kuwa mutanen wancan zamani, barin ƙafar yaro a waje rashin kamun kai ne a wurinsu, ga kuma sanyi irin nasu mai ƙanƙara. Dole safa ta haye gwiwa ta kai cinya. Cinya kuwa ba ta da tudun da zai tare igiya. In kin ɗaura sakwa-sakwa ta zame, in kin tamke yaro ya wuni da shati a jiki.

Roba fa akwai ta. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Hancock, tun 1820 ya yi rajistar amfani da roba wajen riƙe safar hannu da takalmi da safa. Sai dai robar farko ba ta da amana, sanyi ya sandarar da ita, zafi ya sa ta danƙo. Sai da Charles Goodyear na Amurka ya gano dafa ta da farar wuta, ya yi rajista a 1844, sannan aka sami mai jurewa. Daga nan aka koma zoben roba, a zura a cinya a kan safa. Iyaye suka ji sauƙi, amma likitoci da masu fafutukar gyara sutura suka taso a kai. Suka ce zoben nan yana matse jijiya, yana hana jini gudu, balle ga yaron da ke girma, wanda ma'aunin cinyarsa na bara ba shi ne na bana ba. Ni dai a nan ina bayansu ɗari bisa ɗari. Duk wadda ta taɓa cire wa ɗanta abu mai matsi da yamma, ta ga ramin da ya bari a fata, ta san ba ƙarya suka yi ba.

Yauwa, ga inda nake so ku kasa kunne. Suka ce a daina ɗaure safa a ƙafa, a rataye ta daga sama. Ga babbar mace abin da sauƙi, tana da kwankwaso, ana maƙala madaurin a jikin rigar ɗaure cikin da suke sawa, ko a ɗamara. Yaro ɗan shekara biyar fa? Ku da kuke awo kun sani, ƙirjinsa da ƙugunsa da kwankwasonsa kusan lamba ɗaya suke bayarwa a tef. In kin sa masa ɗamara, safar ce za ta janyo ɗamarar ƙasa. Wurin da ya rage a jikin yaro mai iya ɗaukar nauyi shi ne kafaɗa. Saboda haka aka ƙirƙiro wata 'yar rigar ciki marar hannu, mai kauri, wadda aikinta kenan.

Bari in kwatanta muku ita yadda za ku iya yanka ta. Tsayinta iya ƙugu. An ɗora mata tef mai ƙarfi, ya taso daga gefen ƙasa ta gaba, ya haye kafaɗa, ya sauka ta baya, don in an ja daga ƙasa tef ɗin ne zai sha wahala, ba yadin ba. A zagayen ƙugu an jera maɓallai, nan ake maƙala kamfai da siket ko wando. A gefe biyu kuma, daidai saitin cinya, akwai ɗan kunne na tef ko na ƙarfe. A nan ake soka fil ɗin nan mai kulle kansa, irin na nafkin, wanda Walter Hunt ya ƙirƙira a Amurka a 1849. Fil ɗin na riƙe da igiyar roba, igiyar ta sauka ta rabu biyu, kowane reshe da ɗan maƙali a bakinsa. Maƙalin nan dabara ce mai kyau ƙwarai: ɗan ƙullutun roba ne da zoben ƙarfe mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Ki sa ƙullutun ta cikin safa, ki kifa zoben ta waje, ki ja. Yadin ya shiga tsakani ya kame, kuma bai huje ba. Kamfanin George Frost na Boston ya yi suna da irinsa, mai suna Velvet Grip, a Shikago kuma ana yin na yara mai suna Hickory.

A Ingila wadda ta fi shahara ita ce Liberty Bodice, kamfanin Symington na garin Market Harborough ya fito da ita a 1908. Saƙar auduga ce mai laushi ta ciki don ɗumi, an yi miliyoyinta, ba a daina ba sai wajajen shekarun 1970. Maɓallanta na roba ne, kun san dalili? A lokacin injin matse wanki suke da shi, rodi biyu ne ake tura kaya tsakaninsu ana juyawa da hannu, maɓallin ƙashi in ya bi ta nan sai ya fashe. Na roba ya tsira daga inji, amma ruwan zafi yau da gobe ya sa shi laushi da danƙo, har ƙananan yatsu su kasa tura shi a rami.

Ku ƙiyasta safiyar uwa mai 'ya'ya huɗu ko biyar a tsakiyar hunturu. Kowane yaro singileti, sai wannan riga, sai a ɓalla kamfai, sai safa biyu, kowace da maƙalanta, a daidaita tsayin igiya. In ta yi gajarta, yaro ya sunkuya safa ta yage a baki. In ta yi tsawo, safa ta yi tattara a gwiwa. Dare ya yi kuma ga allura ana cike hujin gwiwa da na dunduniya. Ni idan na ga irin hoton nan da yara suka fito tsaf, matan da ba su fito a ciki ba nake tunawa, Allah ya sani.

A Jamus abin ya daɗe ga yara maza fiye da Amurka da Ingila. Yara maza suna sa doguwar safa ruwan ƙasa da gajeren wando har cikin shekarun 1950, rigar kuma Leibchen suke ce mata. Gidan da ba hali, ba sai an sayi maƙalin ƙarfe ba. Uwa za ta ɗinka maɓalli a bakin safa, wani a jikin riga, ta haɗa su da robar nan mai jerin ramuka, yaro ya ƙara tsawo a matsa rami na gaba. Kun san ta ai, ita ce dai a cikin ƙugun wandon yara na gwanjo, wadda ake ja a ɓalla. A Tarayyar Sobiyat ma haka aka yi, maza da mata, har shekarun 1960. Mazan da suka tashi a lokacin da yawa sun ba da labarin kunyar da suke ji, don suna ganin kayan mata ne, ga wando ya ɗage igiya ta leƙo. Sannan tsakanin bakin safa da kamfai akwai ɗan fili na fata tsirara, nan sanyi ke cizo. An rufe ƙafa duka, an bar wurin nan.

Abin da ya kashe wannan tsari biyu ne. Ɗaya, mutane sun daina ganin gwiwar yaro a waje abin magana ne. A Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yara maza suka koma safa iya gwiwa mai naɗi a baki, Amurka ta biyo baya a shekarun 1930. Biyu, zare ya canja. Kamfanin DuPont ya fito da nailan a ƙarshen shekarun 1930, sannan a 1958 aka samu zaren nan mai miƙewa ya dawo, wanda ake sayarwa da sunan Lycra. Da aka iya saƙa safa haɗe da wando abu guda, ba sauran buƙatar igiya ko fil.

Mu nan waccan rigar ba ta zauna mana ba, zafinmu ba zai bari ba. Abin da ya iso mu ta hanyar makarantun boko da 'yan sikawut shi ne safa iya gwiwa, da zoben roba a ɓoye ƙarƙashin naɗin, wato an koma ƙasan gwiwa inda akwai tudu.

Shi ya kawo ni kan abin da ke damuna, Hajiya. Ina ganin yara ana zura musu robar ɗaure kuɗi a kan safar makaranta. Don Allah a daina, siririya ce, tana shiga nama. In safa ta saki, ki samu roba mai faɗi, kamar faɗin yatsa biyu, ki auna ƙasan gwiwar yaron yana tsaye, ki rage kaɗan, ki ɗora baki kan baki ki take da keke, kada ki ƙulla. Ki tabbata yatsanki na shiga tsakaninta da fata. Ya dawo da yamma ki duba, in akwai shati ki warware ki ƙara. Kuma kowane zango a sake awo.

Wadda ke son ganin yankan rigar, ta yi magana, gobe in Allah ya kai mu zan zana a takarda in ɗauka in turo. A gaida yara. Wassalamu alaikum.