Injin Yanka Katako Na Hannu: Abin Da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko injin yanka katako na hannu, irin wanda ake ja da mota, zai iya maka aikin gidan gumagumai. Zai iya, amma kada ka ba da ko sisi sai ka ga ya yi yanka a gabanka.

Ka sa mai shi ya ɗora gungume ya fitar da katako ɗaya. Sai ka auna kaurinsa a kai, a tsakiya, da ƙarshe. In ka ga bambanci, ko fuskar katakon ta yi tudu da kwari, to ko dai zarton ya dakushe, ko dogon da injin ke bi ya lanƙwashe. Zarto ana sauyawa. Dogon da ya karkace kuwa, wallahi ka bar shi, domin duk gungumen da ka fere zai gaji karkatar, bangonka kuma ba zai zauna daidai ba. Ka kashe injin, ka jijjiga ƙafafun da zarton ke zagayawa a kai. In suna wasa, boris ya ci.

Ni na fi son mai zarton bel, wato siririn zarto mai zagayawa kamar bel. Kaurin itacen da yake ci a kowane yanka wajen milimita 3 ne, mai sarƙa kuwa yakan ninka haka kusan sau uku, duk ya tafi a garin katako. Ka tabbatar tsawon dogon ya kai gungumenka mafi tsawo, kuma kamfanin, ko Wood-Mizer ne ko Norwood, yana sayar da kayan gyaran wannan samfurin.

In ka zo ginin gidan kuma, ɗanyen itace yana motsewa in ya bushe, bango ya sauka. Ka bar sarari saman ƙofofi da tagogi.